Birnin da Yake Jihar Kansa

A shekarar da ƙanena ya zama ɗan Hamburg, a shekarar ce na yi mako shida ina zarya tsakanin Gashuwa da Nguru, ina neman garin da zai amsa cewa 'yata tasa ce. Abubuwan nan biyu sun manne mini wuri ɗaya, har yau ba na iya tuna ɗaya in bar ɗaya. In na ji an ambaci birnin nan a rediyo sai bakina ya yi ɗaci, alhali mutanensa ba su tare mini komai ba. Ko filin jirginsu ban taɓa takawa ba.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Gashuwa, na fi shekara ashirin ina shaƙar ƙurar alli a can. Hamburg ba ta cikin manhajar da aka ba mu, ni na cusa ta da ƙarfin tsiya saboda ƙanena. Shi ne autanmu. Allah ya ba shi kai, yana gama jami'a Jamusawa suka ɗauke shi ƙarin karatu a kan harkar ruwa, daga nan bai sake dawowa ba sai ziyara. A zuwansa na farko ya kawo mini taswirar birnin, wata ƙatuwa mai ninki takwas. Na manna ta a jikin kwali da ƙaro, na rataye a bangon ajina kusa da taswirar Najeriya, wadda gara ta riga ta cinye mata Tafkin Chadi.

Na haddace birnin nan fiye da yadda na haddace lungunan unguwarmu. Kogin Elbe yana shigowa daga kudu maso gabas, ya rabu gida biyu, ya kewaye wasu tsibirai, ya sake haɗewa ya nufi Tekun Arewa. Tekun kansa yana da nisa, ya kai kilomita ɗari, amma sau biyu a yini yakan turo ruwansa har cikin gari sannan ya janye, shi ya sa manyan jiragen ruwa suke shigowa su sauke kaya a tsakiyar ƙasa. A cibiyar birnin akwai tafki, wanda asalinsa ƙaramin kogi ne aka datse. Gadoji kuwa ba a magana. Aikin ƙanena shi ne auna taɓon da yake taruwa a ƙasan kogin, don a yashe kafin jirgi ya kafe. Nakan tsokane shi in ce, "Kai da ka tashi kana ganin ciyawar kacala tana shaƙe hanyoyin ruwan Nguru, ka tsallake ta ka je kana yashe wa Bature nasa." Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, a can in na auna, ana karanta abin da na rubuta."

Abin da ya fi ɗaure wa ɗalibaina kai ba ruwan ba ne, mulkin ne. Jamus jihohi goma sha shida gare ta, uku daga ciki birane ne zalla, Hamburg ɗaya ce a cikinsu. Birni ne, kuma jiha ce. Magajin garin shi ne a matsayin gwamna, suna da majalisarsu, suna tsara makarantunsu da 'yan sandansu. Manyan jihohi biyu sun sa ta a tsakiya, ɗaya ta arewa ɗaya ta kudu, kuma ba wadda take da ta cewa a kanta. Duk shekara sai an sami mai ɗaga hannu ya ce, "Malam, to ina hedikwatar jihar?" In ce ita ce hedikwatar kanta. Aji ya kwashe da dariya, wani daga baya ya ce ashe Gashuwa ma tana iya ɓallewa.

'Yata ta fari ta zauna a ajin nan. A gida Baba take ce mini, a makaranta Malam, ba ta taɓa haɗa su ba. Ranar da na koyar da ajinsu darasin nan ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to su waye 'yan asalin jihar?" Na ba ta amsa yadda ƙanena ya gaya mini: duk wanda ya koma can da zama zai je ofis ya rubuta sunansa da lambar gidansa, shi ke nan an lissafa shi a mutanen gari. Bajamushen da ya taso daga wata jiha ba a tambayarsa inda kakansa ya fito. Na faɗa ne kamar yadda nake faɗin tsawon kogi, ban ɗauki maganar a bakin komai ba. Ita kuwa ta sunkuya ta rubuta a littafinta.

Shekara biyu bayan nan ta gama sakandare, sakamakonta ya yi kyan da har maƙwabta suka riƙa shigowa ganin takardar. Sai ga sanarwa cewa za a ɗauki nauyin wasu 'yan mata 'yan jiha su karanta likitanci. Tun tana ƙarama abin da take so ke nan, mu kuwa ba mu da halin kai ta da ƙarfinmu. Ta cika kowane sharaɗi sai ɗaya: takardar indijin, wato shaidar cewa ita 'yar asalin wata ƙaramar hukuma ce a jihar. An ba da mako shida. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, aikin yini biyu ne. Wauta ce irin ta malamin makaranta, wanda yake zaton abin da ya sani shi ne abin da ake yi.

Ni ban taɓa mallakar takardar nan ba. A lokacin da na fara aiki ido rufe ake neman malamai, ba wanda ya tambaye ni. An haife ni a Nguru a Jihar Arewa maso Gabas, na yi makaranta a Jihar Barno, na yi aure a Jihar Yobe, duk ban ɗaga tabarmata daga yankin nan ba. Mahaifinmu ne ya zo daga wani ƙauye a ƙasar Kano yana saurayi, maraya, ya hau jirgin ƙasa ya sauka a inda layin dogo ya ƙare. Ya yi dakon gyaɗa da fata da ƙaro a tasha har bayansa ya ranƙwafa, daga baya aka ba shi aikin juya layi. A Nguru ya yi aure, a Nguru ya haife mu, a Nguru muka binne shi.

Takardar tana farawa ne daga sa hannun Bulama, mai unguwa ke nan, sannan ta bi ta sama. Na fara da Bulaman unguwarmu a Gashuwa. Mutum ne da na koyar da 'ya'yansa uku, shi ya raba goro ranar sunan 'yar tawa. Ya shimfiɗa mini darduma a zaure, ya sa aka kawo ruwa, ya karanta fom ɗin har ƙarshe, ya ajiye a gabana a hankali.

Ya ce, "Malam, wallahi in yau ka faɗi ka mutu, ni ne a sahun gaba. Amma takardar nan ba zama take tambaya ba, asali take tambaya. Kai ai ɗan Nguru ne. Je ka gida, minti biyar ba za ka yi ba."

Na ce, "Bulama, yarinyar nan a bayan gidanka aka binne cibiyarta."

Ya ce, "Na sani. Ba tata cibiyar ake nema ba."

Ban ji haushi sosai ba a ranar. Na ɗauka maganarsa tana kan hanya. Washegari na shiga mota zuwa Nguru, ina kallon gonakin shinkafa da makiyaya a gefen titi, har da ɗan farin cikin mai komawa gida. Na sauka na hau acaɓa, muka wuce ta tsohuwar tasha, inda rumbunan da mahaifinmu ya cika da bayansa suke tsaye ba kowa sai awaki. Bulaman tsohuwar unguwarmu ɗan aminin mahaifinmu ne, tare muka yi wanka a tafki, tare aka zane mu a kan satar mangwaro. Yana ganina ya tashi yana yi mini gaisuwar garin, "Wushe, wushe, lale da mutanen Gashuwa!" Ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Cewar da ya yi "mutanen Gashuwa" ban kula da ita ba sai daga baya.

Da ya ga fom ɗin sai fara'arsa ta ragu. Ya ce an sa ido a kan takardun nan yanzu, ana rubuta ƙorafi, an taɓa tuɓe wani Bulama a kan sa hannu ɗaya. Ya ce, "Kowa a garin nan ya san Baba. Amma kowa ya san jirgi ne ya kawo shi."

Na ce, "Jirgi ya kawo shi, amma ai bai mayar da shi ba. Yana nan kwance a maƙabartarku."

Ya ce, "Ɗan'uwa, babu gurbin kabari a fom ɗin nan. Ka gwada ƙauyensu mana."

A nan raina ya ɓaci. Na gaya masa maganganun da har yau ba mu sake gaisawa yadda ya kamata ba. Na tambaye shi ko shi da ƙasar aka halicce shi, ko kakansa daga ƙarƙashin dabino ya tsiro. Na tuna masa cewa mu muka ɗauki makarar ubansa. Shi kuwa yana ta juya carbi. Ƙauyen da yake cewa in je ma tuni ya faɗa cikin wata jihar daban, ba mu san kowa a can ba, kuma ko da sun ba ni takarda dubu, gurbin karatun na 'yan jiharmu ne. Na fita na tafi maƙabarta. Na tsaya a kan mahaifina zan yi masa addu'a, sai na tarar ba abin da yake fitowa daga bakina, kunyarsa kawai nake ji.

Sau huɗu na sake komawa Nguru. Na bi ta tsofaffin abokan aikin mahaifinmu, na bi ta wani limami, na bi ta wani ɗalibina da yake aiki a ofis. Kowa ya karɓe ni da mutunci, kowa ya ba ni ruwa, kowa ya ce in dawo jibi. Da wulaƙanta ni suka yi da na sami wanda zan tsana in huta.

A mako na huɗu, bayan la'asar, ina zaune a ƙofar gida ƙafafuna duk ƙura, ƙanena ya kira ni ta bidiyo. Yana tsaye a gaban wani tsohon gini mai hasumiya, da kwat a jikinsa, matarsa da ɗansu a gefe. Ya ce nan ne fadar magajin gari, nan ne kuma majalisar jiha, gini ɗaya ne. An gayyace su ne tare da sauran waɗanda aka ba su shaidar zama 'yan ƙasa. Ya matso da takardar kusa da wayar don in gani. Ban iya karanta Jamusanci ba, amma na karanta sunansa, na karanta sunan mahaifinmu a bayansa, an buga shi da manyan baƙaƙe. Ya ce ɗansa ma sunan da yake amsawa ke nan a makaranta, don a can sunan gida ɗaya ne daga kaka har jika.

Na yi masa murna, Allah ya sani na yi. Sannan na gaya masa halin da muke ciki. Ya ce, "Yaya, kar ka ɗauka aljanna ce. Takarda ce kawai. Har gobe in na zauna a jirgin ƙasa akwai mai janye jakarta."

Na ce, "Ni takardar nake nema. Nan ba mai janye jaka, kowa rungume ni yake yi."

Ya ce ko za a turo yarinyar wurinsa. Amma sai ta shekara ɗaya ko biyu tana koyon harshe, kuma ba tabbas za ta sami gurbin likitanci. Uwarta ma da ta ji ta ce ba da 'yarta ba.

Washegari da aka tashi daga makaranta na tsaya ni kaɗai a gaban taswirar. A kusurwarta ta sama akwai wani ƙaramin akwati da aka zana wani ɗan tsibiri a ciki. Yana can bakin teku inda kogin ya ƙare, mutanensa ba su kai na layi ɗaya a unguwarmu ba, in ruwa ya janye har da keken doki ake zuwa. Ƙasar wata jiha ce a tsakaninsa da birnin, amma na Hamburg ne, ita take mulkinsa, mutanensa 'yan birni ne. Na ɗauko zare da babbar taswira na auna. Nisan tsibirin nan daga fadar magajin gari ya fi nisan Nguru daga Gashuwa. Birni ya miƙa hannu ya tsallake jiha guda ya ce 'yan tsirarun can nawa ne, ni kuwa garuruwa biyu sun kasa miƙa hannu su tsallake katanga ɗaya. Na naɗe zaren na sa a aljihu na tafi gida.

Katangar tamu da ta wani Alhaji mai sayar da bandar kifi ɗaya ce. Asalin mutanensa daga wajen Dagona suke, nan kusa da Gashuwa, ba wanda zai tambaye shi kaka. Mutumin kirki ne, ba zan taɓa cewa ba haka ba. Saura kwana tara a rufe karɓar takardu ya yi sallama da ni bayan azahar, muka zauna a gindin dalbejiya. Ya daɗe yana kewaye-kewaye a kan tsadar kifi kafin ya zo kan magana.

Ya ce, "Malam, yarinyar nan a tsakar gidana ta koyi tafiya. 'Yarka 'yata ce. A rubuta sunana a gurbin uba, a yi takardar gyaran suna a kotu, magana ta ƙare. Ana yi, ba kai ne farau ba."

Na ce masa na gode, amma a'a. Na san hukuncin jingina ɗa ga wanda ba ubansa ba, ba sai wani malami ya karanta mini ba. Ban da wannan ma, sunan mahaifina yana bin nawa a takardun yarinyar, kuma sunan nan shi kaɗai ya bari. Bai bar gona ba, bai bar shanu ba, gidan da muka tashi ma na haya ne.

Kwana uku gidana ba mai magana. Uwar yarinyar ta ajiye mini abinci ta juya. A rana ta huɗu da hantsi 'yar tawa ta same ni ina gyaran keke, ta tsuguna nesa kaɗan, da tsohon littafinta na labarin ƙasa a hannu. Ba ta buɗe shi ba.

Ta ce, "Baba, ba kai ka ce mana ɗan gari shi ne wanda yake zaune a gari ba?"

Na ce, "A can na ce."

Ta ce, "To mu a nan 'yan ina ne?"

Na shekara ashirin ina amsa tambayar yara a kan inda kowane gari yake, wannan kuwa ba ta kan taswira. Na ci gaba da gyaran keken, sai ta ce, "Ba komai, Baba. In ba ka so, na haƙura. Wallahi na haƙura." Ta faɗa ba kuka ba fushi, kuma na san da gaske take. Da gardama ta yi mini da na tsaya a kan bakana. Na wanke hannuna daga baƙin mai, na zagaya na yi sallama a ƙofar Alhaji.

Ni na ɗauki sabon fom ɗin da hannuna na kai wa Bulaman unguwarmu, Alhaji yana biye da ni. Zauren nan ne, dardumar nan ce. Mutumin da ya raba goron sunanta, ya ci naman ragon da na yanka, ya duba gurbin uba ya ga sunan maƙwabcina. Bai ɗaga kai ba. Ya hura hatiminsa ya buga, ya sa hannu, ya ce, "Alhamdu lillahi, yanzu takarda ta cika. Allah ya ba ta sa'a." Gaskiyar da na yi mako biyar ina yawo da ita ba ta sami sa hannu ko ɗaya ba. Ƙaryar da duk unguwa ta san ƙarya ce, cikin yini biyu ta gama zagaye ofisoshi ta fito da tambari. Wannan ne abin da na kasa yafewa, kuma ban san ma wa zan yafe wa ba, tunda da ni aka yi.

Taswirar tana nan a bangon ajin, ta koɗe. Na daina koyar da ita. In wani ɗalibi ya tambaya, sai in ce wani gari ne a Turai, mu koma kan manhaja.

Yarinyar ta yi karatunta ta gama. Ba ta taɓa fasa ce mini Baba ba, albashinta na farko a cinyata ta ajiye shi. Alhaji bai taɓa yi mini gori ba ko da wasa, in ma an yi zancen a gabansa sai ya kawar da kai. Ƙanena yana turo mini hotunan takardun makarantar ɗansa, sunan mahaifinmu yana nan a saman kowacce, malaman Jamus suna ta fama da furta shi.

Watannin baya jinina ya hau, na je asibitin da take aiki. Ban gaya mata zan zo ba, na karɓi kati na bi layi kamar kowa. Ta fito daga wani ɗaki da farar riga, tana sauri, ba ta gan ni ba. A ƙirjin rigar an ɗinka sunanta da shuɗin zare, da sunan da yake bayansa. Wani dattijo da yake zaune kusa da ni a benci, baƙo ne daga wajen Kumagannam, ya taɓa ni da gwiwar hannu.

Ya ce, "Malam, ka ga likitar can? Ita ta duba matata. An ce 'yar wani Alhaji mai banda ce a garin nan. Kai, Allah ya saka wa Alhajin nan da alheri, ya iya haihuwa."

Ya zuba mini ido yana jira.

Na ce amin.